Ruwan da Ummi Duja Ta Zuba

A Halƙul Wadi, garinmu na bakin teku kusa da Tunis, in ka tambayi gidan Ustaza Naziha ba wanda zai ce maka bai sani ba, domin rabin mutanen garin ita ta koya musu Italiyanci, sauran rabin kuwa ta taɓa yi musu faɗa. Gidan yana layin da ke bayan kasuwar kifi, mai shuɗiyar ƙofa da ɗaki guda a saman bene. Littattafai sun cinye ɗakin ƙasa, sun hau matakala, har sun fara leƙa kicin. Mijinta Si Lamin, wanda ya yi aikin yankar tikiti a jirgin ƙasan da ke zuwa Tunis har ƙafa ta gaji, yakan ce shi ɗan haya ne kawai, masu gidan suna kan kanta.

Littattafan nan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da marubutan Italiya suka rubuta ne a kan mutanen Gabas, wato mu da Misirawa da Turkawa da mutanen Sham, kai har Farisa da Indiya, tunda su a wurinsu da zarar jirgi ya bar tsibirinsu na Sikiliya an shiga Gabas, ko da kuwa yamma ya dosa. Tun tana budurwa Naziha take rubuta nata littafin a kan waɗannan littattafai, ga shi furfura ta rufe kai ba mu ga ko bangonsa ba.

"Lalla, ina aka kwana?" Si Lamin kan tambaye ta in ya kawo mata shayi, don Lalla yake kiranta, wato uwargida. "In sa a buga, ko in bari jikoki su gama?"

"Kai da ko jarida sai an karanta maka, me ya dame ka?"

"Ni raƙuman nake tausayi. Shekara da shekaru suna tsaye a ɗakin nan ba ci ba sha."

Maganar raƙuman daga aji ta samo asali. Takan ɗaga littafi ta ce wa ɗalibai su buɗe duk shafin da suka ga dama, in ba su tarar da raƙumi ko dabino ko mace mai leƙe ta bayan mayafi ba, su zo su karɓi alli, su ne malamai. Ita da aka haifa a nan, in ji ta, ba ta ga raƙumi ido da ido ba sai da makaranta ta kai su gidan namun daji. Amma tana da adalci, ba duka take haɗawa ta yi wa kuɗin goro ba. Takan ce akwai wanda ya ƙi mu bai san mu ba, akwai wanda ya so mu bai san mu ba, kuma na biyun ya fi ba ta wahala. Mutane sun ɗauka son karatu ne ya yi mata yawa. Mu da muka tashi a layin mun san ruwa ba ya tsami banza. Duk tarin takardun nan shafi ɗaya ne ya jawo su, kuma mahaifiyarta ce a cikinsa.

Halƙul Wadi ta wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce. Musulmi da Bayahude da mutanen Sikiliya da na Malta duk a layi ɗaya suke shanya, ka ji an fara zagi da yare ɗaya an ƙarasa da wani. Da la'asar kowa ya fito da kujerarsa ƙofar gida, ƙamshin gasasshen kifi ya cika gari, kwanoni suna ta ƙetare hanya daga wannan gida zuwa wancan, kuma ba a mayar da kwano haka nan. Duk wanda ya sha iskar lokacin, har ya mutu yana jin wani abu ya ɓace masa.

Ummi Duja, mahaifiyar Naziha, gajeriyar mace ce mai murya, mijinta masunci ne, teku ta cinye shi. Ya bar mata 'ya'ya biyu, Hadi da Naziha. Hadi da ya tasa sai ya sa wa ransa Faransa, uwar ta ce ba da yawunta ba. Wata safiya aka tashi babu shi, ya sulale ya bi jirgin kaya. Bai cika shekara ba labari ya zo cewa wani gini ya rufta da shi a Marsiliya. Ummi Duja ba ta ɗora wa ginin laifi ba, ba ta ɗora wa jirgin ba. Abu ɗaya take maimaitawa, ya fita ba a zuba masa ruwa ba. Ai kowa ya sani, matafiyi in ya sa ƙafa waje ana bin sawunsa da ruwa don ya je lafiya ya dawo lafiya. Daga ranar, tasarta ta jan ƙarfe cike da ruwa ba ta sake barin bayan ƙofa ba. Ko Tunis za ka je sayen zare sai ta jiƙa maka dunduniya.

Ɗakin Hadi na sama shi ta ba Silbano. Saurayi ne dogo siriri daga Torino, can arewacin Italiya, ya zo aikin rubutu a wani kamfanin jiragen ruwa. Ya iso da akwati biyu, ɗaya kaya ɗaya littattafai, da farar hular rana irin ta masu shiga Sahara, alhali teku tana lasar ƙofar gidan. Mutanen Sikiliya na layin sun yi masa dariya har suka gaji. Shi ba ya gane yarensu sosai, su kuma suna cewa yana magana kamar rediyo. Ummi Duja ta gwada sunansa sau biyu harshe ya ƙi, ta ce daga yau Sulaimanu ne, ta huta.

"Sulaimanu, wannan wuyan naka ba za a nuna wa uwarka shi ba, za ta ce na cuce ka. Zauna ka ci."

"Ummi, barkono," yakan ce da guntun Larabcinsa, hawaye na zuba.

"Barkono ne ke tsayar da namiji. Naziha, ƙara masa harisa."

Harisa kuwa kwaɓaɓɓen barkono ce. Ya ci har ya saba, ya zo ya fi 'yan gida ci. Da zazzaɓin taifod ya kayar da shi, Ummi Duja ce ta yi jinyarsa, ta hana a kai shi ko'ina, tana ɗura masa romon kifi da cokali tana yi masa faɗa. Da ya miƙe ya sumbaci kanta kamar yadda ya ga ana yi, ita kuma ta fito masa da rigar sanyin Hadi, wadda ko Naziha ba a bari ta taɓa.

Naziha tana 'yar shekara tara ko goma a lokacin. A kan matakalar nan ya koya mata Italiyanci, daga littattafan akwatinsa. Yana karanta mata labaran sarakuna masu fada ta zinariya da 'yan kasuwa masu ayarin raƙuma, ya ce wai labarin ƙasarsu ne, su ne suka sa ya baro gida. Ita kuwa sai ta dube shi ta dubi kasuwar kifi ta tuntsire da dariya. Yana kiranta ƙaramar malama, don ba ya yin kuskure a Larabci ta ƙyale shi.

Bayan shekara biyu aka kira shi gida, mahaifinsa ba lafiya. Ummi Duja ta cika masa kwando da makrud, cincin ɗinmu mai dabino a ciki, da kwalbar harisa da man zaitun, kamar a Italiya ba a san zaitun ba. Da hantsi ya fito, ya yi alkawari zai dawo da bazara, ya ce kada a ba kowa ɗakinsa. Ya sumbaci kanta, ya ja kunnen Naziha, ya ɗauki akwatunansa. Yana tafiya Ummi Duja ta ɗauko tasa, ta kwarara ruwa a kan sawunsa tun daga bakin ƙofa har tsakiyar layi, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Duk zamansa a gidan bai taɓa ganin hakan ba, tunda wanda ake zuba wa bayansa ake bi, shi kuma safe yake fita aiki kafin kowa ya yi tafiya. Da ya kusa kwanar layi sai ya ajiye akwati ya waiwayo don ya ɗaga hannu. Naziha ta ga hannun ya tsaya a rabin hanya, ya sauka a hankali. Ta ɗauka kuka ne ya zo masa.

Bazara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba Sulaimanu ba saƙonsa. Makwabta 'yan Sikiliya suka fara ɗaure kaya iyali bayan iyali, layin ya yi ta raguwa, Ummi Duja tana bin kowa da tasa. Ɗakin sama kuwa ta hana. Duk wanda ya zo nema sai ta ce da mai shi. Tana share shi, tana shanya katifa, in jirgin Jenowa, mai zuwa daga Italiya, ya yi kuka ta ƙara kifi ɗaya a tukunya.

"Na zuba masa ruwa da hannuna," takan ce. "Wannan ba irin tafiyar Hadi ba ce. Zai dawo."

Naziha ta yi karatu, ta shiga jami'a a Tunis, ta ɗauki Italiyanci saboda shi ne abin da ya rage mata na matakalar nan. Wata rana tana duba kanta a ɗakin karatu ta ci karo da wani littafi mai koren bango, da sunan Silbano a jiki da hotonsa a baya. Labarin zamansa ne a garinmu. A tsaye ta fara karantawa, tana dariya ita kaɗai. Ga kasuwar kifi, ga romon taifod, ga ƙaramar malama. Ya rubuta su da ƙauna, ba wanda zai musa. Sai ta zo shafin ƙarshe. Ya ce shekara biyu ya ci abincin matar nan, ta kira shi ɗanta, amma bai kai ƙarshen layi ba ya waiwaya ya ga tana wanke ƙofar gidanta da ruwa, bakinta yana motsi, tana kawar da sawun kafiri. Ya ce a ranar ya gane Gabas, tana buɗe maka ƙofa amma ba ta buɗe maka zuciya.

Naziha ta zauna a ƙasa tsakanin kantoci. Baƙin ciki ta fara ji, daga baya fushi ya zo ya ture shi, kuma fushin ne ya zauna.

Ta kawo littafin gida, don ba ta iya ɓoye hoton ba. Ummi Duja ba ta karatu. Ta riƙe shi da hannu biyu ta kai fuska, ta ce ya yi ƙiba, an sami mai dafa masa. Ta sa a karanta mata, Naziha tana juyawa zuwa Larabci, tsohuwa tana gyara labari, tana cewa ƙarya yake, ba cokali uku ya sha ba, kwano ya shanye.

"To a ƙarshe me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ki, Ummi."

"Gaisuwa a takarda? Me ya hana shi zuwa?"

"Aiki ne. Kin san su da aiki."

"Ki aika masa ki ce ɗakinsa na nan."

Naziha ta ce to, amma ba ta aika ba. Tana iya samun inda yake ta hannun masu buga littafin, ta sani sarai. Sai dai a ganinta wanda ya yi wa uwarta wannan ƙazafi bai cancanci a roƙe shi ba, amsar da ta dace da shi littafi ne, wanda zai tona shi da duk waɗanda suka koya masa kallon mutane a karkace. Haka ta fara tara su. Ta bi su tun daga matafiyan da suka yi rubutu da alƙalamin gashin tsuntsu har zuwa 'yan jaridar zamanin mulkin mallaka, tana gano wa ya kwafi wa, wa ya rubuta labarin garin da bai taɓa takawa ba. Ta ƙware ƙwarai, har malaman jami'a suna turo mata ɗalibai. Amma duk lokacin da ta zo babin Silbano sai alƙalami ya tsaya, ta koma ta ƙara wani babi a gabansa.

Ta yi aure, Si Lamin ya tare a gidan saboda tsohuwa ta ce ba inda za ta. Aka haifi yara, suka girma a ɗakin ƙasa a cunkushe, ɗakin sama yana kulle. Ummi Duja ta tsufa har tasa ta fi ƙarfin hannunta, sai dai ta zauna a kujera tana ba da umarni. A cutar ajalinta ta kira Naziha ta ce mabuɗin yana ƙarƙashin matashi, in Sulaimanu ya zo kada a yi masa faɗa, a fara ba shi abinci tukuna. Ta rasu tana sauraron kukan jirgi.

Bayan an share makoki Si Lamin, wanda shi kaɗai ya san abin da ke shafin, ya faɗi maganar da ya daɗe yana haɗiyewa. Ya ce mutumin nan ya yi kuskure, ita kuma ta riƙe gyaran a aljihu. Naziha ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba, alama ce ta cewa maganar ta shiga.

Shekaru suka ja, ta ajiye alli. Wata bazara Munji, tsohon ɗalibinta mai shagon kayan abincinmu a Torino, ya zo hutu ya biyo gaishe ta. Cikin hira ya ce akwai wani tsoho Ba'italiye da ke zuwa sayen harisa, yana ɗanɗanawa ya ce wannan ta yara ce, yana kuma yin wani Larabci irin na kakanni, wai ya taɓa zama a Halƙul Wadi. Ya ce kwana biyu 'yarsa ce ke zuwa, jikin ya ƙi.

Da Munji ya fita Si Lamin ya dube ta.

"Lalla, kin ji dai. Ɗaya ta tafi ba ta sani ba. In wannan ma ya tafi, wa za ki karanta wa littafin? Ni?"

"Ba roƙonsa zan je yi ba."

"Wa ya ce ki roƙe shi? Je ki zage shi. Ai kin iya, kuma da yarensa."

Ta tafi a lokacin kaka, bayan zafi ya sauka. Si Lamin ne ya zuba mata ruwa, ya jiƙa mata siket har gwiwa, ta tafi tana mita.

Gidan Silbano yana hawa na uku a wani tsohon bene mai matakalar dutse. 'Yarsa ce ta buɗe, mace mai fara'a, ta ce Munji ya gaya musu wata malama za ta zo daga Tunis. Tsohon yana zaune kusa da taga da bargo a cinya, wuyan nan ya koma yadda yake da farko. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da Larabcin layinmu, wanda yanzu ko a layin ba a yinsa, "Ƙaramar malama. Kin zo gyara ni?"

Ta yi niyyar kada ta ji komai, sai ga shi muryar ta kusa kayar da ita. Ta dake. Aka kawo gahawa ta ce ta gode, ba ta sha. Shi ya san abin da hakan ke nufi a wurinmu, wato da ƙorafi aka zo, ya sunkuyar da kai. Ba ta buɗe jaka ba, da ka ta karanto masa shafinsa da Italiyanci, ba ta tsallake ko kalma ba.

"Na rubuta," ya ce. "Abin da na gani ne, Naziha. Ban ƙara komai ba."

"Me ka gani, Sinyor?" ta ce, wato yallaɓai da yarensu.

"Ruwa. Tun ban bar layin ba."

"Wa ka tambaya?"

Ya ce a jirgi ya tambayi wani jami'i da ya daɗe a ƙasashen Larabawa, mutumin ya yi dariya ya ce haka suke yi, wanke najasa ne. Ta ce wato baƙo ya tambayi baƙo, makaho ya ja makaho. Ta ce layin cike yake da 'yan ƙasarsa, matan Sikiliya ma suna zuba wa 'ya'yansu in za su teku, da ya koma taku kaɗan ya tambayi ko wacce da ya ji. Sai ya ce gaskiya ko jami'in bai faɗa ba shi ya riga ya yanke. Ya karanta irin wannan tun yana yaro, cewa murmushin mutanen Gabas a fuska yake tsayawa. Shekara biyu yana ƙaryata littattafan a ransa, da ya ga ruwan sai ya ji kamar sun dafa kafaɗarsa sun ce ba mun gaya maka ba.

"To me ake nufi da shi?" ya tambaya.

Jawabin da ta shekara talatin da wani abu tana gogewa, mai babi da hujjoji, ko layi ɗaya bai zo mata ba. Ta ce masa ruwan na dawowa ne. Ana zuba wa wanda ba a so a rasa. Ta gaya masa yadda Hadi ya fita, abin da bai taɓa ji ba duk da ya sa rigarsa. Ta gaya masa abin da leɓɓan suke faɗa, Allah ya kai shi, Allah ya maido shi. Ta gaya masa ɗakin sama, da katifa, da kifin da ake ƙarawa in jirgin Jenowa ya yi kuka.

"Ta jira ni?"

"Har ta rasu. Ta ce in ka zo kada a yi maka faɗa, a fara ba ka abinci."

Tsohon ya rufe fuska da hannu biyu. 'Yar ta taso, ya girgiza mata kai. Da ya sami magana ya ce sau biyu yana sayen tikiti, sau biyu yana tuna ruwan ya fasa. Sannan ya tambayi abin da Naziha take tsoro, ko Ummi ta san abin da ya rubuta. Ta ce a'a, ta ɓoye mata. Ya ce ya gode. Ya tambaye ta yaushe ita ta karanta. Ta faɗa masa, ya lissafa a ransa, ta ga ya gane cewa a lokacin Ummi Duja tana da sauran shekaru masu yawa a gaba, jirgi kuma yana zuwa kowane mako. Ya mayar da idonsa kan taga. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

"Fushi nake yi," ta ce.

"Ni ma fushi nake yi," ya ce. "Ita kaɗai ce ba ta yi ba."

Naziha ta jawo gahawar da ta riga ta huce ta shanye. Suka zauna har rana ta yi sanyi yana tambayarta mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ya rasu, ta koma Sikiliya, an rushe an yi shago. Suka yi dariyar farar hula. Ya ce likita ya hana shi harisa, 'yar ta ce shi ya sa yake ɓoye ta a bayan littattafai.

Da ta tashi tafiya ya ce sai ya raka ta ƙofa. 'Yar ta kama shi, ya ce ta sake shi ta shiga kicin, ya faɗa mata wani abu a kunne. Naziha ta yi sallama ta fara sauka. Ba ta kai kwanar matakala ba ta ji ƙarar ruwa a bayanta, ya biyo dutsen yana gangarowa har ya taɓa mata dunduniya. Wata mata a hawa na biyu ta buɗe ƙofa tana tambayar wane mahaukaci ne ke wanke bene da yamma. Naziha ba ta waiwaya ba, don kuka take yi, ta dai ɗaga hannu sama yadda zai gani.

Ta koma kuwa, bazara biyu a jere, da kwalbar harisa a jaka. A ta biyun ta kai masa mabuɗin ɗakin sama, tunda jiki bai bar shi ya zo ya karɓa ba. Kafin ta uku ya rasu. Ya so a gyara shafin, amma littafin ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, ba mai niyyar sake buga shi, yana nan a ɗakunan karatu yadda yake. Nata littafin ma yana nan. In an tambaye ta takan ce babin ƙarshe ne ya gagara, don ta shirya shi da mai laifi ɗaya sai ta tarar su biyu ne. Si Lamin ya daina tsokanarta da raƙuma.

Tasar jan ƙarfe tana bayan shuɗiyar ƙofa har yau. Ɗalibai suna zuwa, wasu daga Italiya ma, ta ɗora musu littattafai ta cika su da kuskus da kifi. Sai dai ta ƙara wani abu da ba mu gada ba. Duk wanda zai tafi, baƙo ne ko ɗan gida, sai ta riƙe hannun rigarsa ta dube shi ta ce, "Ka ji, zan zuba ruwa a bayanka. Na ka dawo ne."

Ranar da jikarta za ta tafi karatu ta yi mata haka, yarinyar ta yi dariya.

"Haba Kaka, wa bai san wannan ba?"

"Ummi ma haka ta ɗauka," in ji Naziha, ta sunkuya ta ɗauki tasa.